Maki Huɗun da Ba Nawa Ba

Wata safiyar Juma'a a cikin Disambar 2016, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ban daɗe da sauka Dubai daga Kano ba, na tare ƙwallon kurket da goshi. Da gangan na yi, ba tsautsayi ba ne. Umma ce ta aike ni sayen burodin Larabawa a kantin da ke ƙasan benenmu a Hor Al Anz, sai na hango yara a filin yashin da manyan motoci ke kwana, sun watsu kamar masu neman allura, ɗayansu riƙe da wani faffaɗan katako. Ya maka wa ƙwallo duka, ta tashi sama ta nufo inda nake. To ni a unguwarmu duk ƙwallon da ta zo ta sama da ka ake karɓarta. Na ajiye ledar burodi, na ja da baya, na daka tsalle. Ashe ƙwallon tanis ce aka naɗe da tef ɗin wayar lantarki har ta yi tauri kamar goruba. Na ga taurari, na ga wata, ina jin har zauren kakata na hango a Kano. Ƙulun da ya fito min kuwa, sai da Yaya Hafsa ta ce a yanka masa rago a raɗa masa suna, tun da ya kai girman jariri.

Yaron da ya buga ƙwallon shi ya fara isowa kaina. Sunansa Zubair, ɗan Pakistan, siriri dogo kamar rake, ya girme ni da shekara ɗaya. Ya ɗaga ni, ya ja ni kantin, ya karɓo ƙanƙara ya ɗora min a goshi. Yana ba ni haƙuri da Urdu, ina amsa masa da Hausa, muka haɗu a tsakiya da ɗan Turancin makaranta da "khalas, khalas", wato "shi ke nan" da Larabci. Da ya tambaye ni daga ina nake na ce Kano, shi ke nan sunan ya manne min. A filin nan babu wanda ya taɓa kirana Nazifi. Daga baya muka gano iyayenmu maza ma sun san juna. Abbana harkar kargo yake yi, yana loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena, baban Zubair kuma yana aiki a wani sito a Jebel Ali. Benenmu da nasu suna kallon juna, daga barandarmu ina iya shinshino abin da aka dafa a gidansu, kuma ba na jin kunyar bin ƙamshin.

Ga wanda bai san kurket ba, ga yadda Zubair ya koya min, bayan taurin kaina ya kusa sa shi kuka. Mutum biyu ke shiga bugu tare, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. Mai jifa ya jefo wa wanda ke fuskantarsa, shi kuma ya kare sanduna ukun da ke bayansa, don in ƙwallo ta buge su ya fita. Mu kwandon lemo muke kifawa a madadinsu. In ya buga, su biyun suka ruga suka sauya wuri, maki ɗaya ke nan. In ƙwallo ta gangara har iyakar fili, huɗu. In ta tsallake ta sama, shida. Jifa shida shi ne zagaye guda, kuma da zarar zagaye ya cika, wanda ke jira a ɗaya ƙarshen shi zai karɓi bugu. Kowa da makinsa da ake ƙirga masa, a kuma tara wa ƙungiya. Iyakarmu ta dama katangar masallaci ce, ta hagu tayoyin wata tsohuwar motar ruwa. Wanda kuma ya cilla ƙwallo barandar wata tsohuwa mai faɗa a hawa na biyu, ya fita, kuma shi zai hau ya roƙo.

Wanda ya fita bai ci ko maki ɗaya ba, sai a ce ya yi agwagwa. Agwagin da na tara a shekarun nan, da masu rai ne da yanzu ina da gona. Abu biyu suka hana a kore ni daga ƙungiya. Na farko ina da gudu, duk ƙwallon da ta shige ƙarƙashin tirela ni ke rarrafawa in ciro. Na biyu, ofishin Abba cike yake da tef, kuma aljihuna na da zurfi. Duk Juma'a sai na yi sauri na gama aikina na gida: in cika firij da ruwa, in kai shara, in taya Umma shanya a barandar da zafi ke busar da riga ta farko kafin ka shanya ta ƙarshe, wani lokaci in taya Abba naɗe kwalayen da baƙinsa 'yan kasuwa suka jibge mana a falo. Sannan in sulale. Abba ya kan ce shi bai ga amfanin wasan da rabin 'yan wasa ke zaune a inuwa suna jiran layi kamar a asibiti ba. Yaya Hafsa kuwa in na dawo ba ta tambaya, sai dai ta yi min kukan agwagwa daga kicin.

Zubair bai taɓa gajiya da ni ba. Da la'asar in an taso daga makaranta sai ya ja ni bayan bene, ya zana layi da ƙafa, ya yi ta jefo min a hankali. "Ƙafar hagu gaba, Kano. Kai ƙasa. Ka kalli ƙwallo, kar ka kalli jama'a." Wannan ta ƙarshen ita ce ta gagare ni, don ni tun ina ƙarami ko alwala nake yi sai na waiga in ga ko ana kallona. Lokacin korona da aka kulle kowa a gida ma bai bar ni ba, daga barandarsu yake nuna min yadda zan riƙe tsintsiyar Umma, ina kwaikwayo daga tamu.

Shi kuma Zubair ba shi da wani buri sai ɗari. A kurket, mutum ɗaya ya tara maki ɗari a shiga guda babban abu ne, musamman a gajeren wasa da kowane ɓangare ke samun zagaye ashirin kacal. Waɗanda suka taɓa yin haka a gasar duniya ta irin wannan wasa ba su da yawa, shi kuwa ya haddace su yadda na haddace 'yan ƙwallon ƙafa: wane ne, a wane gari, da wa aka kara. Ya ce wanda ya kai ɗari yakan cire hular kwano, ya ɗaga katako ya juya gabas da yamma, har abokan hamayya su tafa masa. A motar makaranta da rula yake gwada ɗagawar. Matsalar ita ce wasanninmu gajeru ne ƙwarai, kafin ya yi nisa zagaye sun ƙare, ko direban tirela ya zo ya ce a matsa masa. Sau da yawa ya wuce hamsin, amma ɗari ta ƙi.

A ƙarshen 2021 gasar duniyar ta zo har ƙofar gidanmu. Hor Al Anz ta rikice, kowane shagon aski da kowane mai shayi da tutarsa. Mu a wani ɗan shagon shayi na mutanen Kerala ta Indiya muke kallo, mu sayi kofi ɗaya mu zauna kamar mun biya haya. Wata yamma a farkon Nuwamba, wani Bature ɗan Ingila da ke wasa a Sharjah ya kai ɗari da bugun shida a jifar ƙarshe cak. Zubair ya miƙe zumbur, shayi ya zube min a wando, ina shirin yi masa tsiya sai na ga fuskarsa. Ya zauna, ya ce a hankali, "Kano, ƙarshen wata za mu tafi." Aikin babansa ya ƙare, biza kuma a nan da aiki take tafiya. A Dubai ko an haife ka a gari, in takarda ta ce tashi, tashi za ka yi. Ya ce can gida babu maganar wasa, shagon kawunsa zai shiga. Ni kuwa sai na yi ta murza kofi.

Shi ya sa muka shirya masa wasan ban kwana wata Juma'a, cikakken zagaye ashirin irin na gasar duniya. Muka gayyato yaran Bur Dubai, waɗanda muka daɗe muna adawa da su, suka tsallako ruwa a abra, ƙaramin jirgin fito, tun da sassafe, shugabansu wani ɗan Kerala mai suna Arun, mai jifa kamar yana da tsohuwar gaba da kai. Bayan sallar asuba muka share fili, muka lallashi direbobi suka ja motocinsu gefe, na kawo tef sabo fil da ban faɗi inda na samo ba. Baban Zubair ya zo da kujerar roba da wayarsa, ya ce zai ɗauki bidiyo ya tura wa kakan yaron. Su Arun suka fara bugu, suka tara maki masu kauri, sannan aka ba mu mu kamo su.

Ban taɓa ganin Zubair ya yi wasa irin na ranar ba. Ƙwallo ta je katangar masallaci har ta gaji, ta je motar ruwa, sau biyu ta tsallake titi. Abokan bugunsa suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mangwaro a iska, shi yana nan. Da ya wuce tamanin sai duk fili ya ɗauki ƙirge da baki, har masu wanki da masu kai saƙo a babur suka tsaya. Rana ta yi sama, ƙamshin turaren masu tafiya masallaci ya fara tashi. Ni ne na ƙarshe a layi, kamar kullum, ina zaune kan taya ina addu'ar kada a zo kaina. Aka zo kaina. A lokacin saura mana maki huɗu mu ci wasa, Zubair kuma yana da casa'in da shida, amma yana can ɗaya ƙarshen, ni ne zan fuskanci jifa biyun da suka rage a zagayen.

Ya tare ni a tsakiya, ya riƙe min kafaɗa. "Kano, habibi, saurare ni. Jifa biyu. Ka tare kawai. Kar ka gudu, kar ka buga, kar ka yi komai."

Na ce, "Haba Zubair, rashin yin komai ai shi ne sana'ata a filin nan."

Arun ya ji mu, ya yi dariya yana goge ƙwallo a wando. Ya ce, "Kano zan jefo wa kamar ƙanwata. Amma kai Zubair, huɗunka sai ka ƙwata da ƙarfinka, wallahi ba sassauci." Ka ga fa, mutumin da jifa ɗaya mai kyau za ta ba shi nasara, tun da in na fita babu sauran mai shiga, ya yarda ya ɗaga min ƙafa don abokin hamayyarsa ya samu damarsa. Kowa a filin ya gane abin da ake ciki. Ni ma na gane. Ina so in rubuta wannan a fili, don na sha faɗin akasin haka.

Jifa ta farko ta zo a hankali, na sa katako na tare, ta faɗi a gabana. Aka tafa min kamar na yi wani abin kirki. Ina ɗago kai sai na hango Abba a bakin fili, cikin farar shaddarsa da hula, da darduma a kafaɗa, ya zo ya tafi da ni in yi wankan Juma'a. Abban da bai taɓa kallon wasana ba ko sau ɗaya. Ya ɗaga min hannu, ya yi kira da ƙarfi da Hausa, "Kai Nazifi, wai tsayuwa ka zo yi? Buga mana mu gani!"

Arun ya jefo ta biyu. Ban taɓa ganin ƙwallo mai ladabi irin wannan ba, tafe take kamar tsohuwa za ta gaisuwa, har ina iya karanta bakin tef ɗin da na naɗa. Wani abu ya ce min, shekara da shekaru kana agwagwa, ga Abba, ga jama'a, ga ƙwallo ta kawo kanta. Ƙafar hagu ta fita gaba. Kai ya yi ƙasa. Na ji wani sauti mai daɗi da ban taɓa ji daga katakona ba, ƙwallo ta tsaga tsakanin masu tsaro biyu da suka saki jiki, ta gangara, ta je ta sumbaci katangar masallaci. Huɗu. Mun ci wasa.

Na jefar da katako, na cire riga, na zuba da gudu ina ihu, na zube gwiwa biyu ina zamiya a yashi yadda ake yi in an ci ƙwallo a minti na ƙarshe. Abba ya ɗaga darduma sama yana cewa, "Ɗana ne! Ɗana ne wannan!" Sai da na gama zamiyar, gwiwoyina na zafi, na lura muryoyi biyu kawai ke tashi a duk filin, kuma duka biyun Hausa suke yi. Sauran sun yi tsit. 'Yan ƙungiyarmu da suka ci wasa sun dafe kai. Arun ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallona kamar na tsinka masa mari. Baban Zubair ya sauke wayarsa a hankali ya sa a aljihu. In wasa ya ƙare, ya ƙare. Babu sauran jifa ga kowa. Zubair yana tsaye a ɗaya ƙarshen da casa'in da shidansa, katakon da ya yi shekaru yana koyon ɗagawa yana kallon ƙasa.

Na tashi ba riga, yashi har cikin baki, na fara roƙo. Na ce a soke bugun, a ce ban buga ba, a ce ma na fita, a ƙara zagaye ɗaya. Arun ya ce shi ya yarda. Zubair ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗarin da aka roƙo ba ɗari ba ce." Ya je ya gaisa da su Arun ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya ɗauko min rigata ya karkaɗe ya miƙo min, ya ce in yi sauri kada in rasa huɗuba. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

A hanyar gida Abba ya ce, "Wai mutanen nan haka suke murna? Ko mutuwa aka yi?" Na bayyana masa, ina haɗiye rabin kalmomin. Ya tsaya cak a gefen titi, ya tambaye ni, "Ni rashin sani ne ya sa na yi ihu. Kai fa, ka sani?" Na ce hannuna ne ya kuɓuce. Ya dube ni irin duban da yake yi wa kwalin da aka ce masa atamfa ce alhali ya ji nauyin ƙarfe. A masallaci muka yi sahu ɗaya da baban Zubair, Abba ya riƙe hannunsa bayan sallama ya yi ta ba shi haƙuri, ni kuma na ƙura wa zanen darduma ido kamar za a yi min jarrabawa a kansa. A gida ko Yaya Hafsa ba ta tsokane ni ba, abin da ya tabbatar min lallai na yi ta'asa.

Ana gobe za su tafi, Umma ta ɗaura min kilishi da dambun nama ta ce in kai, kuma kada in kuskura in dawo da su. Na tarar da falonsu fayau, sai kwalayen da Abba zai tura musu. Maman Zubair ta zuba min shinkafa kamar ba abin da ya faru, na ci. Muka fita baranda ni da shi. Na sake jawo ƙaryata, na ce wallahi katakon ne ya zame, ƙwallon ce ta bugi gefensa.

Ya yi murmushi. Ya ce, "Kano, ina tsaye ina kallonka. Ƙafar hagu gaba, kai ƙasa. Ni na koya maka. Shekara nawa ina jiran ka yi bugun nan." Ya ƙara da cewa, "Da dai ka yi shi wata Juma'ar."

A nan ƙaryata ta ƙare. Na ce masa da gangan na yi, don Abba ya gani. Ya ce ya sani. Ya ce in daina kuka kada mamansa ta zaci barkonon ne ya yi yawa. Muka yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro.

Yanzu filin an kewaye shi da kwano, ana haƙa ginin wani bene, yaran unguwa sun koma wasa a wayoyinsu ko su tafi nesa neman fili. In na bi ta wajen da safiyar hutu sai in ji kamar zan ji ƙirgen nan da baki, tamanin da tara, casa'in, sai dai ƙarar injin siminti. Muna gaisawa da Zubair a waya jefi-jefi. Yana shagon kawunsa na kayan wuta, daga safe har magariba, ya ce wani lokaci yana sayar wa yara tef ya nuna musu yadda ake naɗi. Bai ƙara shiga cikakken wasa ba. Mafi yawan makin da ya taɓa ci casa'in da shida ne, nawa kuma huɗu.